Birki mai riƙewa, daga kat-san-kat zuwa Hilux

Mu kanikawan ƙasar Gure, a ƙarƙashin Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya muka koyi birki. Kat-san-kat muke ce mata, 'yan Najeriya su ce a-kori-kura. A 1960 Faransa ta fito da 404, kuma da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyara suka riƙa shigo mana ta iyaka. A lokacin, motar nan ke kwasar kanwa da dabino daga kwarurrukan Bune, ta hau kwaltar Damagaram zuwa Diffa.

Birkinta na tambur ne, kuma cutarsa a yankinmu riƙewa. Direba ya zo yana cewa mota ta yi nauyi, tana shan mai, ƙafar baya tana ƙauri. Iyayen gidanmu ba su yarda yaro ya ɗauki sifana ba sai ya zagaya motar ya ji zafin kowace ƙafa da bayan hannu. In duka huɗun sun ɗau zafi, laifin yana can sama wajen babbar silinda: ƙaramar kafar da mai ke komawa ta toshe, ko kuwa wani ya zuba baƙin mai a gurbin man birki, robobi suka kumbura. In ƙafa ɗaya ce, a ɗaga ta da jak, a sassauta bakin da ake fitar da iska. Ta sake ta juya? To mai ne ya maƙale, galibi tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya shiga ya hana shi dawowa. Ta ƙi juyawa? A cire tambur. Nan za ka tarar da fiston ya cije da tsatsa da rairayi, ko sifirin ya mutu, ko wayar birkin hannu ta kafe. Ruwan kanwa da ke ɗiga daga buhuna bai bar wayar nan ta yi tsawon rai ba.

504 ta biyo baya, sannan Hilux da Land Cruiser suka karɓe hanyoyin rairayi. Gabansu faifai ne, amma da yawansu baya har gobe tambur. Abin da ya sauya shi ne hannu. Da, mukan goge cikin silinda da takarda mai laushi, mu sa sabbin robobi. Yaran yanzu, Allah ya shirya su, silindar gaba ɗaya suke jefarwa su ɗaura ta kasuwa, alhali ko tiyon ba su duba ba.