Daga Agoro zuwa Mandalika: Waiwaye kan Tseren Manyan Babura

Duk wanda ya taso a Tudun Wadar Zariya ya san abin da ke biyo bayan ɗaurin aure ranar Asabar. Da an shafa fatiha abokan ango za su hau babura, a cire salansa, a karaɗe titi daga Agoro zuwa Kongo. Ba a rasa guda ɗaya da zai murɗa totur ya ɗage gaban babur, ya yi ta tafiya a kan tayar baya, dattawa a bakin masallaci suna salati suna tir. Mu a wurinmu wannan ganganci ne, kuma gaskiyarmu, don mun sha zuwa dubiya. Sai dai wani mutumin Turkiyya da ya ci abinci da irin wannan wasa shi ne ya haifi gwanin da duniyar tseren babura ke ji da shi a yau. Kafin mu iso gare shi, bari mu koma baya.

Tushen abin 1969 ne, shekarar da Honda ta fito da CB750, babur mai silinda huɗu wanda kowa zai iya shiga kanti ya saya.  Turawa suka raɗa masa Superbike, wato ingarman babur. Mu kuwa rabonmu daban ne. Kuɗin Udoji da suka shiga aljihun ma'aikata a 1975 su suka cika Zariya da Vespa da Suzuki da Yamaha, malamin makaranta ya jingine Raleigh ɗinsa a zaure. A shekarar ce kuma Honda ta ƙera CG125, ƙaramin babur da aka yi musamman domin ƙasashe irin namu, inda mai babur kan manta da juyen baƙin mai har sai inji ya fara kuka. Kamfani ɗaya, ya ba wasu ingarma, ya ba mu jakin aiki.

Amurkawa suka kafa gasar irin waɗannan babura ta ƙasarsu a 1976, wani Reg Pridmore ya lashe a kan BMW. Ta duniya ba ta kankama ba sai Afrilun 1988 a Donington ta Ingila, Ba'amurke Fred Merkel ya ɗauki kambun farko a kan Honda, ya maimaita a 1989. Ƙa'idar da ta raba wannan gasa da MotoGP, ɗaya babbar gasar babura ta duniya, ita ce dole babur ɗin ya zama na kasuwa. A cire fitila da madubi, a gyara inji, amma asalinsa wanda ake sayarwa ne. Shi ya sa 'yan kallo suka ɗauke ta tasu. A 1988 ɗin ce aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a nan gida, lokacin da SAP ɗin Babangida ya riga ya karya naira, mota ta fi ƙarfin talaka, babur ɗin zuwa ofis ya koma na ɗaukar fasinja da yamma. Haka acaba ta zaunu.

Shekarun 1990 na Ducati ne, kuma ba banza ba. Doka ta yarda mai silinda biyu ya kai cc 1000, mai huɗu kuwa kada ya wuce 750. Mutanen Italiya suka hango wannan ƙofa suka shige da jan babur ɗinsu. Carl Fogarty, ɗan garin Blackburn, mutum mai kallon zaki da kaifin baki, ya ci kambu huɗu a kai: 1994, 1995, 1998 da 1999. A 1998 gasar ta taka Afirka, a filin Kyalami kusa da Johannesburg. Fogarty bai sauka don kansa ba. Karo ɗaya a Phillip Island ta Ostareliya a 2000 ya lalata masa hannu, sana'a ta ƙare.

In aka tambaye ni, babu shekara kamar 2002. Honda ta gaji da shan ƙurar Ducati, ita ma ta ƙera mai silinda biyu ta damƙa wa Colin Edwards na Texas. Abokin karawarsa Troy Bayliss ne, ɗan Ostareliya, wanda kafin ya shahara fentin mota yake yi a gareji, kamar yaranmu na bakin hanyar PZ. Bayliss ya cinye tsere shida na farkon kakar, har aka fara yi masa barka. Edwards ya zo ya cinye tara na ƙarshe a jere. Ranar rufewa a Imola suka riƙa shan gaban juna a kowace kwana, gwiwa na gogar kwalta, kamar mahaya biyu a sukuwa da kowa ya rantse ba zai ja linzami ba. Edwards ya yi nasara. Bayliss dai bai mutu a zuci ba: ya ci kambu a 2006 da 2008, kuma a tsakani, bayan faɗuwar da ya yi a Donington a 2007, ya yarda aka guntule masa ɗan ƙaramin yatsa don kada jinya ta tsare shi.

A waɗannan shekaru mu Jincheng ta Sin ce ta mamaye mana tituna, daga baya Boxer ta Indiya ta ture ta. Da aka tilasta hular kwano a Janairun 2009, wasu 'yan acaba ƙwarya suka kifa a ka. An yi dariya, amma hular da muka raina ita ce da rigar fata ke sa mahayi ya faɗi a gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a, ya miƙe ya kakkaɓe jiki. A Janairun 2013 Kano ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, mai ƙafa uku ya samu kasuwa, 'yan acaba da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa.

Zamanin Jonathan Rea na Ireland ta Arewa ba sai mun daɗe a kansa ba. Kambu shida a jere a kan Kawasaki, daga 2015 zuwa 2020, nasara sama da ɗari. Gwaninta ce tsantsa, amma tseren da aka san mai ci tun kafin a tashi ba ya hana kowa barci.

Wanda ya karya wannan sarauta shi ne Toprak Razgatlioglu, haifaffen Alanya ta Turkiyya a 1996. Mahaifinsa Arif ana yi masa laƙabi da Tek Teker, wato mai taya ɗaya, saboda wasan ɗage babur. Yaron ya tashi a cikin wannan, sai ya ci sa'ar ubangida: Kenan Sofuoglu, wanda ya ci kambun ajin Supersport sau biyar, ya riƙe shi, ya koya masa horo, har lambarsa 54 ya gadar masa. Abin da yaron ya koya a wasa ya zame masa makami. Yakan jinkirta taka birki har sai an ce ya wuce kwana, sannan ya damƙe na gaba, tayar baya ta tashi sama tana lilo, shi kuwa ya kutsa ta ciki ya bar abokin hamayya da buɗe baki.

Arif bai ga ranar ba. Haɗarin babur ya yi ajalinsa a 2017, shekara guda kafin ɗansa ya shiga babbar gasar. A Nuwambar 2021, a Mandalika ta tsibirin Lombok a Indunusiya, Toprak ya ƙwace kambun daga hannun Rea a kan Yamaha, ya zama Baturke na farko da ya yi haka. Ya koma BMW ya ƙara a 2024 da 2025, sannan ya tattara ya nufi MotoGP. Har yanzu in ya gama tsere ya juyo wurin bakanikensa, a kan taya ɗaya yake tsayawa.