Sauya Aksul a Motocin Hawan Dutse: Nazari kan Zaɓi da Kasafin Kuɗi a Jeep Wrangler

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu Jeep Wrangler a Amurka ke cire aksul ɗin da mota ta zo da shi su ɗora wanda ya fi shi ƙarfi. An kwatanta Dana 30, Dana 35, Dana 44, Dana 60, Ford 8.8 da kuma aksul ɗin GM mai noti 14, ta fuskar kaurin shaf da girman kirawun da nauyi. An yi amfani da lissafin ƙarfin murɗa don gano inda kowanne ke gazawa. Abin da nazarin ya nuna shi ne, girman tayar da mai mota zai tsaya a kanta shi ke yanke hukuncin aksul, kuma kuɗin aksul ɗin kansa ɓangare ne kawai na kuɗin aikin.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Dana, wanda Clarence Spicer ya aza harsashinsa a 1904 kuma ya ɗauki wannan suna a 1946, shi ya daɗe yana ƙera wa Jeep aksul. Wrangler samfurin YJ (1987 zuwa 1995) da TJ (1997 zuwa 2006) galibi sun fito da Dana 30 a gaba da Dana 35 a baya. Ga mota mai ƙaramar taya da ke bin kwalta da burji, wannan ya wadatar. Matsala tana farawa ne ranar da mai mota ya sa tayoyi masu inci 35 ko 37 ya nufi duwatsun Moab a jihar Utah, ko hanyar Rubicon mai tsawon kimanin mil 22 a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya. Kamfanin Jeep da kansa ya amsa wannan buƙata a 2003 da ya fitar da Wrangler Rubicon, mai Dana 44 gaba da baya, da makullin difiransha, da giyar aksul 4.10.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: a wane mataki ne gyaran tsohon aksul ke zama zuba ruwa a rariya, kuma me ya kamata a lissafa kafin a sayi sabo?

2.0 Hanyar Nazari

An ɗauki ma'aunan da aka san waɗannan aksul da su, aka shigar da su cikin lissafi guda biyu. Na farko shi ne ƙarfin murɗar da taya ke iya ɗora wa shaf, wato nauyin da ke kan taya sau kamun ƙasa sau rabin tsayin taya. Na biyu shi ne ƙarfin murɗar da sandar ƙarfe ke iya jurewa, wanda ke ƙaruwa da kaurinta ninki uku a lissafi, ma'ana kauri sau kauri sau kauri. Alƙaluman nauyi da na juriyar ƙarfe da za a gani a ƙasa na misali ne, an zaɓe su don a auna dukkan aksul ɗin da mudu ɗaya.

3.0 Abin da Ke Karya Shaf

Mutane da yawa suna ɗora laifin kan inji. Injin TJ mai lita 4.0 yana ba da murɗa kimanin Nm 319. Idan aka sa giya ta ɗaya, wadda ke ninkawa kusan sau 4, aka sa ogziliyari a ƙaramar giya mai 2.72, sannan aksul ya ninka da 4.10, murɗar da za ta iya isa ƙafafu ta haura Nm 14,000. A Rubicon, inda ogziliyari ke ninkawa sau 4, adadin ya doshi Nm 21,000. Babu shaf ɗin Jeep da zai ɗauki wannan shi kaɗai. Abin da ke ceton sa shi ne taya tana sulɓewa tun kafin a kai nan. Wato ƙasa ce ke yanke iyakar wahalar da shaf zai sha, inji kuwa yana da rarar ƙarfi tun asali.

A ɗauka mota ta ɗage gaba tana hawan dutse, kilo 1,000 na nauyinta ya koma kan tayar baya guda, kuma tayar ta kama dutsen sosai. Da taya mai inci 31, shaf zai ɗauki kimanin Nm 3,860. Da inci 35 zai ɗauki 4,360, da inci 37 zai ɗauki 4,610, da inci 40 kuma kusan 4,980.

Sai a juya ga shaf ɗin. Na Dana 30 da Dana 35 yana da haƙora 27 a baki da kauri kimanin inci 1.16. Na Dana 44 haƙora 30 da inci 1.31. Na Dana 60 haƙora 35 da inci 1.5. A ido bambancin bai kai kaurin fensir ba, amma saboda dokar ninki uku, shaf ɗin Dana 44 ya fi na Dana 35 juriya da kashi 44 cikin ɗari, na Dana 60 kuma ya fi na Dana 44 da kashi 50. Idan aka ɗauka ƙarfen yana jure MPa 800 kafin ya murɗe, to iyakokin za su zama kimanin Nm 4,030 da 5,800 da 8,690 a jere.

Ajiye jerin biyu gefe da gefe ya bayyana abin da makanikai suka daɗe da sani a aikace. Dana 35 yana bakin gaɓa tun a taya mai inci 31, a inci 35 kuwa ya riga ya faɗa. Dana 44 yana da rarar kusan kashi 25 a inci 37, kuma wannan rarar ba ta da yawa, domin lissafin bai haɗa da girgiza ba. Mafi yawan shaf suna karyewa ne a lokacin da taya ta yi tsalle tana juyawa a iska, direba bai ɗaga ƙafa daga totur ba, sai ta dawo ta cafki dutse a take. A nan nauyin tayar da kansa ya zama guduma.

Makullin difiransha yana ƙara tsananta lamarin. Difiransha na yau da kullum yana raba murɗa daidai tsakanin ƙafa biyu, saboda haka idan ɗaya ta sulɓe, ɗayar ma ta huta. Da zarar an sa makulli irin ARB Air Locker ko Detroit Locker, wannan kariyar ta tafi, ƙafar da ta kama ƙasa ita za ta ɗauki komai. A ganin mai wannan nazari, makulli da babbar taya a kan Dana 35 alƙawarin karaya ne, rana ce kawai ba a sa ba. Ga kuma wani aibi: tun daga 1990 wani ɗan ƙarfe mai siffar harafin C a cikin difiransha shi ke riƙe shaf ɗin Dana 35, don haka idan shaf ya karye, taya da guntun shaf na iya zarewa su fice daga jikin mota.

4.0 Zaɓuɓɓuka

4.1 Ford 8.8

Ga mai YJ ko TJ da zai tsaya a inci 33 zuwa 35, aksul ɗin baya na Ford Explorer na 1995 zuwa 2001 shi ne mafi sauƙin hanya. Shaf ɗinsa haƙora 31 ne, yana da birkin faifai, faɗinsa bai gaza na Jeep da fiye da inci guda da 'yan kai ba, kuma ramukan wili iri ɗaya ne, biyar a da'irar inci 4.5, don haka ba sai an sayi sababbin wili ba. Shi ma yana da ɗan ƙarfen nan mai siffar C, kuma akan yi wa bututunsa walda da tukunyar difiransha don kada su juya.

4.2 Dana 44

Kirawun ɗinsa inci 8.5 ne, idan aka kwatanta da kimanin 7.1 na Dana 30. Shi ne matsakaici, kuma nan ne tarkon kuɗi yake, kamar yadda za a gani.

4.3 Dana 60 da aksul mai noti 14

Waɗannan na manyan a-kori-kura ne masu ɗaukar tan guda. Dana 60 yana da kirawun inci 9.75, na GM kuwa, wanda aka fara yi a 1973, inci 10.5 da ƙarin boris da ke tallafe kan finiyan. Babban bambancinsu da waɗanda aka ambata a sama shi ne tsarin da nauyin mota ke zama a kan bututu da boris biyu, shaf ba ya ɗaukar komai sai murɗa. Ko ya karye taya tana nan daram. 

Ƙarfin yana da farashinsa ko ba a yi maganar kuɗi ba. Dana 60 na gaba ya haura kilo 200, kuma nauyi ne da ke ƙarƙashin sifirin, wanda shokozoba ke shan wahalar sarrafawa. Sannan tukunyar tana rataye ƙasa. Daga kirawun inci 7.1 zuwa 9.75, an yi asarar kimanin inci 1.3 na tazara da ƙasa, wanda sai an ƙara inci 2.6 a tsayin taya kafin a maido shi. Mota mai Dana 60 da taya inci 35 tana iya maƙalewa a dutsen da mai Dana 30 da taya inci 33 zai wuce. Shi ya sa masu aksul mai noti 14 ke yanke gindin tukunyar su toshe da farantin ƙarfe.

Ana kuma duba ɓangaren da difiransha na gaba yake. Ogziliyarin YJ da TJ da samfurin JK da ya biyo bayansu yana fitar da farfela ta hagu, kamar Dana 60 na Ford. Tsohon na Chevrolet ta dama yake, wanda ya saya don yana da araha sai ya sake ogziliyari ma.

5.0 Kasafin Kuɗi

Hanyoyin saye biyu ne. Ko a ɗauko tsoho daga wurin 'yan gwangwan, inda Ford 8.8 ba ya wuce 'yan ɗaruruwan daloli, ko a sayi sabo da aka riga aka haɗa don Jeep daga kamfanoni irin Dynatrac da Currie ko Dana ɗin kansa, inda gaba da baya na ajin Dana 60 ke haura dala 10,000. Tazarar tana da girma a takarda, amma tana tsukewa idan aka bi abin da tsohon zai ci kafin ya hau hanya.

Da farko sai an yanke dukkan kunnuwan da ke jikinsa an yi waldar na Jeep, a kusurwar da finiyan zai fuskanci farfela daidai. TJ da JK suna da sifirin mai naɗi da sandunan riƙo, don haka kunnuwansu sun fi na YJ mai sifirin ganye yawa da wuyar saiti. Sai giya. Dole giyar gaba da ta baya su zo ɗaya, kuma dole su dace da taya: motar da ta zo da 3.73 a kan inci 31 tana buƙatar 4.45 a kan inci 37 don kawai ta koma yadda take, a kasuwa kuwa 4.56 ne mafi kusa, da yawa ma sukan je 4.88 ko 5.13 saboda ƙarin nauyi. Nan akwai wani abu da ake mantawa. Giyar 4.10 haƙora 41 ne a kan 10, ta 4.88 kuwa 39 a kan 8. Finiyan yana ƙanƙancewa yayin da lambar ke hawa, saboda haka giya mai zurfi a ƙaramin aksul ƙarin rauni ce. Haka nan gidan da kirawun ke zama a kai yana da iyaka: a Dana 60, wanda aka yi wa 4.10 ba ya karɓar 4.56 sai da kirawun mai kauri ko sabon gida. Tunda za a buɗe, a nan ne ya dace a sa makulli, kada a biya saitin giya sau biyu.

Bayan wannan sai abubuwan da ke biyo baya kamar jela. Aksul ɗin Ford Super Duty yana da noti takwas a da'irar milimita 170, na GM takwas a inci 6.5, ke nan wili biyar sababbi har da na safaya, kuma gaba da baya sai an daidaita ramukansu. Farfela biyu za a sake tsawonsu da kuros ɗinsu. Manyan birki suna iya fin ƙarfin tukunyar man birki ta asali. Sandunan sitiyari sababbi ne, galibi da silinda mai taimaka wa juya babbar taya. A JK (2007 zuwa 2018) akwai ƙarin ciwon kai, domin kwamfutar motar tana karanta gudun kowace ƙafa don hana birki kullewa da hana mota sulɓewa, kuma sai an yi wa baƙon aksul dabarar da za ta ba da wannan saƙo yadda kwamfutar ke tsammani. Sabon aksul da aka haɗa don JK yana zuwa da wannan a jikinsa, wani ɓangare na tsadarsa ke nan.

Asarar da ta fi kowace ita ce ta hawa mataki-mataki. Mai mota ya sa wa Dana 30 shaf na ƙarfen 4340, ya yi masa ƙarin ƙarfe a bututu, ya sake giya, ya sa makulli. Bayan shekara biyu ya koma Dana 44 ya maimaita. Daga nan ya ga inci 40 ya yi sha'awa. Giya da makulli da shaf ba sa tashi daga wannan aksul su koma wancan, kuɗin aikin makanike kuwa ba ya dawowa ko da an sayar da tsohon. Ƙarfafa shaf a ƙaramin aksul ma yana da nasa haɗarin, domin raunin ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. A da shaf ne ke karyewa, abin da ake iya sauyawa a bakin hanya da sifana da jak. Yanzu kirawun da finiyan ne za su zube, su kuwa sai an janyo mota zuwa gareji an yi saiti da ma'auni.

Saboda haka tsarin da lissafin ya goyi baya shi ne a fara rubuta girman tayar ƙarshe da za a sa wa motar, ba wadda ke kanta yau ba. Zuwa inci 35, Ford 8.8 ko Dana 44 a baya tare da Dana 30 da aka kula da shi a gaba sun isa ga direba mai sanyin ƙafa. A inci 37, Dana 44 na JK Rubicon, wanda na bayansa ke da haƙora 32, yana aiki amma ba shi da rarar ganganci. Daga inci 40 zuwa sama, ko ga motar da aka sa wa injin V8, kuɗin da za a kashe kan abin da bai kai Dana 60 ba kuɗi ne da za a sake kashewa.