Tarihin Nazarin Ƙasar Laka Mai Riƙe Ruwa a Kudancin Jigawa da Kwarin Tafkin Chadi

Ƙasar laka mai riƙe ruwa ita ce wadda ƙwayoyinta suka yi ƙanƙanta ƙwarai har ruwa ba ya ratsa ta sai da ƙyar, saboda haka takan jiƙe ta yi danƙo da damina, ta bushe ta yi tauri da rani, sau da yawa ma ta daddare. A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, ana samunta a fadamu da kwaruruka da ke bin kogin Bunga da kogin Iggi da ƙoramun da ke zuba cikinsu. Wasu daga cikin shimfiɗunta mafiya faɗi a duniya suna kwance ne a gurbin tsofaffin tafkunan da suka ƙafe, kamar na arewacin Amurka da na kwarin Tafkin Chadi. Tarihin nazarinta ya nuna yadda masana suka tashi daga tambayar inda ƙasa ta samo asali suka koma ga auna halinta, wanda shi ne abin da manoma suke dubawa tun asali.

Asalin lakar

Masana ƙasa suna kiran ƙwayar ƙasa laka idan faɗinta bai kai milimita 0.002 ba, kuma ƙwaya irin wannan ba ta kwantawa sai a ruwan da ya tsaya cik na tsawon lokaci, domin ruwa mai gudu yana ajiye yashi ne ya wuce da laka. Wannan ne ya sa gindin tafki da bayan gaɓar kogi, inda ambaliya ke kwana, suka fi ko'ina tara ta.

A arewacin Amurka, lokacin da shimfiɗar ƙanƙarar da ta rufe Kanada ta fara narkewa, ruwan ya taru a bakinta ya zama manyan tafkuna. Mafi girmansu shi ne Tafkin Agassiz, wanda Warren Upham ya raɗa wa suna a 1879 don tunawa da masanin ƙanƙara Louis Agassiz, ya kuma tsiyaye kimanin shekaru 8,000 da suka wuce, ya bar shimfiɗaɗɗen kwarin kogin Red a jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota da lardin Manitoba. Wani irinsa, Tafkin Maumee, ya bar lakar arewa maso yammacin Ohio.

Ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Hausa a wancan zamani ba, amma sauyin yanayin da ya kawo ta ya taɓa kwarin Chadi ta wata fuska. Lokacin da ƙanƙarar ta kai matuƙa, kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, yankin ya bushe, iskar arewa maso gabas ta jera tuddan yashi waɗanda har yau suke kwance a Jigawa da Yobe. Bayan narkewarta ruwan sama ya yawaita, Tafkin Chadi ya cika ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000 wajen shekaru 7,000 da suka wuce, kuma tsohuwar gaɓarsa ita ce dogon tudun yashin nan da ya ratsa Bama da Maiduguri a tsayin kimanin mita 320 daga saman teku. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 kusa da kogin Komadugu Gana, wanda aka ƙiyasta ya kai shekaru 8,000, shaida ne na wannan zamani na yalwar ruwa. Baƙar lakar da Barebari ke kira firgi, a wajajen Dikwa da Marte da Ngala, tana cikin abin da tafkin ya bari.

Birnin Kudu da Gwaram suna sama da mita 400, don haka ruwan wancan tafki bai kai gare su ba. Suna bakin tsohon dutsen da ke ƙarƙashin yawancin ƙasar Kano da Bauchi, wanda ya fito fili a duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu zanen shanu na mutanen dā. Lakar fadamunsu ta fito ne daga ruɓewar wannan dutse da kuma abin da Bunga ke saukowa da shi daga tsaunukan Jos, kafin ya zama kogin Jama'are ya shiga tsakanin tuddan yashi ya haɗu da ruwan Haɗeja a dausayin Haɗeja da Nguru.

Siffofinta

Abu biyu ne ke hana wannan ƙasa tsanewa, wato matsewar ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinta da kuma kwanciyar wurin, wanda ba shi da gangaren da zai janye ruwa. Idan ruwa ya daɗe a cikinta, ƙananan halittu sukan cinye iskar oksijin da ta rage, sinadarin ƙarfe da ke ba ƙasar tudu launin ja ya narke, ƙasar ta koma toka-toka ko ta yi shuɗi-shuɗi. A inda ruwan ke hawa da sauka tsakanin damina da rani, ƙarfen yakan sake taruwa ya bar ɗige-ɗige masu launin tsatsa, kuma zurfin da waɗannan ɗige-ɗige suka fara bayyana shi ne ma'aunin da mai bincike ke karanta tarihin ruwan wuri da shi, ko da ya zo a tsakiyar rani.

Ita kanta lakar ba iri ɗaya ba ce. Akwai kawolin, wadda ba ta kumbura sosai kuma ta fi yawa a ƙasar tudu, akwai kuma simektait, wadda ke shan ruwa ta kumbura, ta motse idan ta bushe. Inda simektait ta rinjaya, ƙasa takan dare da rani har hannu ya shiga, ɓurɓushin sama ya zuba cikin tsagar, sa'an nan idan ruwa ya sauka ta kumbura ta tura ta ƙasa zuwa sama. Wannan gogayya tana barin fuskoki masu santsi da sheƙi a cikin ƙasar, tana kuma tsaga katanga da kwalta. Ga manomi, wahalarta ita ce ƙarancin kwanakin da garma ke shigarta, domin tsakanin tauri da caɓi tazarar kaɗan ce. Ladarta kuma ita ce ta fi jigawa riƙe danshi da abincin shuka.

Rabe-raben manoma da na masarauta

Tun kafin zuwan ma'aikatan safiyo, manoman Hausa sun raba ƙasa gida biyu manya, tudu da fadama, sa'an nan suka rarrabe kowanne bisa launi da taushi da irin amfanin da yake karɓa. Jigawa ita ce ƙasa mai yashi ta gero da gyaɗa da wake, jangargari jar ƙasa ce mai ɗan nauyi, fako kuwa wuri ne da ya daskare ba ya shan ruwa. A ɓangaren laka akwai daɓaro, baƙar ƙasa mai danƙo da darewa, da yumɓu na masu ginin tukwane, da kuma wuraren da kanwa ke fitowa ta yi fari-fari a sama. Wannan rabo bai damu da asalin ƙasa ba, abin da ya duba shi ne yadda take amsa ruwa da fartanya.

Hukuma ma ta san darajar fadama. A masarautar Kano, wadda gundumomin Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashinta kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, a dā ban da kuɗin ƙasa akwai kuɗin rafi, harajin da ake karɓa a kan noman lambu da ake ba ruwa da jigo, abin da ke nuna cewa an ware ƙasar kwari a matsayin dukiya ta daban.

Rabe-raben kimiyya

Nazarin ƙasa a matsayin fanni mai zaman kansa ya fara ne da littafin Vasily Dokuchaev na 1883 a kan baƙar ƙasar Rasha, inda ya nuna cewa yanayi da tsirrai da dutsen asali da shimfiɗar wuri da tsawon zamani su ne ke haɗuwa su gina ƙasa. Georgy Vysotsky ya shigar da kalmar gile cikin fannin a 1905 don ƙasar da zaman ruwa ya mayar toka-toka. Amurka ta fara safiyon ƙasa a 1899, tana raɗa wa kowane iri sunan garin da aka fara bayyana shi, kamar Fargo a gurbin Tafkin Agassiz da Toledo da Paulding a Ohio. A gabashin Afirka, Geoffrey Milne ya fito da ra'ayin katena a 1935, wato jerin ƙasashe masu bin juna daga ƙoƙon tudu zuwa gindin kwari, ra'ayin da ya dace ƙwarai da saukowa daga jigawa zuwa fadama.

Matsalar waɗannan tsare-tsare na farko ita ce kowace ƙasa da nata sunan ga abu ɗaya: a Indiya ana cewa regur, Turawan mulkin mallaka suna cewa baƙar ƙasar auduga, a Borno firgi, Fulanin arewacin Kamaru kuma karal. Tsarin da Guy Smith ya jagoranta a Amurka, wanda daftarinsa ya fito a 1960 kuma aka buga cikakkensa a 1975, ya ɗora rabo a kan abin da za a iya aunawa. A cikinsa aka kafa rukunin Batisol, wato ƙasa mai juya kanta, wadda sharaɗinta shi ne laka ta kai kashi 30 cikin ɗari, da tsaga mai buɗewa da rufewa, da alamun gogayya a ciki. Taswirar ƙasa ta duniya da hukumomin FAO da UNESCO suka fitar daga 1971 zuwa 1981, da tsarin duniya na bai ɗaya da ya gaje ta a 1998, sun ƙara da Gilesol, ƙasar da ruwan ƙarƙashi ke jiƙawa, da Fulubisol, sabuwar ƙasar da kogi ke shimfiɗawa hawa-hawa. Da wannan ma'auni lakar Fargo da firgin Borno da ta Jazira a Sudan suka faɗa rukuni ɗaya, duk da cewa ɗaya ta kwanta a ruwan ƙanƙara, sauran kuma a ƙasa mai zafi.

A arewacin Nijeriya, cibiyar wannan aiki ita ce Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A. T. Grove da R. A. Pullan sun bayyana tsofaffin gaɓoɓin Chadi da tuddan yashi a 1963, Klinkenberg da Higgins suka fitar da taƙaitaccen bayanin ƙasashen Arewa a 1968, sa'an nan sashen albarkatun ƙasar noma na gwamnatin tarayya ya wallafa safiyon ƙasa baki ɗaya a 1990. Taswira mai faɗi irin wannan ba ta iya nuna siririyar fadama, inda yashi da laka kan sauya cikin 'yan taku, saboda haka fadama ɗaya a bakin Bunga tana iya haɗa Fulubisol a gaɓa, Gilesol a kwari, da baƙar laka mai darewa a inda ruwa ya fi daɗewa.

Amfani da sauye-sauye

Al'ummomi sun bi hanyoyi masu saɓani wajen sarrafa wannan ƙasa. A Ohio, manoma sun haƙa magudanai suka binne bututun yumɓu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, suka tsane babban dausayin da ke wurin ya zama gonakin masara. A Borno kuwa manoma suna tare ruwan ne da kunyoyin ƙasa domin firgi ya sha ya ƙoshi, su dasa dawar masakwa bayan ɗaukewar damina, ta nuna da sauran danshi ba tare da ban ruwa ba. A Birnin Kudu da Gwaram fadama takan ɗauki shinkafa da damina, da rani kuma a yi fangali a shuka tumatir da albasa da tattasai, ko a bar wa shanu makiyaya.

Noman rani ya bunƙasa ne daga shekarun 1980, lokacin da hukumar raya noma ta Jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban ruwa a madadin jigo, aikin da takwararta ta Jigawa, JARDA, ta ci gaba da shi, shirin Fadama na ƙasa mai tallafin Bankin Duniya ya kuma faɗaɗa shi daga farkon shekarun 1990. Wannan ya ɗaga darajar kwari, ya kuma ƙara takun saƙa tsakanin manoma da makiyaya a kan mashaya da burtali.

Makomar lakar tana rataye da ambaliyar da ke sabunta ta. Madatsun Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya zuwan ruwan kogin Haɗeja, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, alhali kogin Jama'are bai da babbar madatsa, domin ta Kafin Zaki da aka tsara a Jihar Bauchi ba a kammala ta ba. Saboda haka fadamun Gwaram har yanzu suna samun sabon hawa na laka a shekarun ruwa mai yawa, tare da asarar amfanin gona da gidaje irin wadda Jigawa ta gani a 2022, kuma duk wani shiri na datse kogin ko faɗaɗa ban ruwa yana buƙatar safiyo na kusa, fadama bayan fadama, wanda zai nuna zurfin laka, hawa da saukar ruwan ƙarƙashi, da wuraren da kanwa ke barazanar taruwa.