Magungunan ciwon ƙirji na anjina

Anjina ciwon ƙirji ne da ke tasowa idan jinin da ke isa tsokar zuciya ya gaza, galibi saboda jijiyoyin da ke ciyar da ita sun ƙuntata. Maganin gaggawarsa shi ne naitrogilisarin, wanda likitan Ingila William Murrell ya bayyana amfaninsa a 1879. Ana sa ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta buɗe jijiyoyi cikin 'yan mintuna. Don rage yawan tasowar ciwon, likitoci kan ba da atenolol, mai rage bugun zuciya, ko amlodifin, sannan asfirin don hana jini daskarewa.

A masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, zafin bazara abin lura ne, domin ƙwayar naitrogilisarin tana rasa ƙarfi in ta sha zafi, don haka a bar ta cikin kwalbarta a rufe. Haɗa ta da Viagra ko magungunan ƙarfin maza na kasuwa ganganci ne, domin jini kan faɗi ƙasa warwas. Daga Babban Asibitin Gumel akan tura masu tsananin ciwon zuwa Dutse ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.