Daga Hatimin Sarki Zuwa Kwaɗon Imel



A watan Maris na 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan daula suka riƙa aikowa. H. F. Backwell ya shirya fassararsu ta Ingilishi, aka buga a Legas a 1927. Wasiƙun sarakunanmu da hatimi suke tafiya, amma aikin hatimi ɗaya ne, ya tabbatar da wanda ya aiko. Ba ya hana wanda takarda ta faɗa hannunsa karantawa. Haka sirrin fada ya koma littafin da kowa zai iya ɗauka ya duba.

Tun da can akwai rubutun sirri a duniya, sai dai dole mai aikawa da mai karɓa su riƙe makulli iri ɗaya, kuma wajen kai makullin ake tona asiri. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford a Amurka suka kawo dabarar makulli biyu. Mu da muke Garun Malam da Kura da Bunkure ba sai an wahala wajen yi mana bayani ba. A ce dillali a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ya raba wa manoman Kadawa kwaɗuna a buɗe, ya riƙe makullin a aljihunsa. Kowa na iya datse akwati ya aika masa, amma shi kaɗai zai buɗe.

To, wa ya tabbatar kwaɗon da ya zo hannunka na dillalin ne, ba na ɗan damfara ba? Wannan tambayar Loren Kohnfelder, ɗalibi a MIT, ya amsa a kundin digirinsa na 1978: a samu hukumar da aka yarda da ita ta sa hannu cewa kwaɗon nan na wane ne. Wannan shaidar ita ce satifiket, kuma a kanta tsarin kulle imel na S/MIME ya tsaya tun 1995. Wato hatimi ya juya. Da, mai aikawa ake tuhuma. Yanzu kafin a kulle saƙo, mai karɓa ne zai nuna shaida.

Shi ya sa in Outlook ya ƙi kulle labarin da za mu tura wa edita, galibi matsalar tana wajen satifiket ɗin editan. Ko dai ba mu da shi gaba ɗaya, ko wa'adinsa ya ƙare, ko adireshin da ke jikinsa ya saɓa da wanda muka rubuta, ko kuma kwamfutarmu ba ta san hukumar da ta bayar da shi ba. Maganin yawancinsu mai sauƙi ne: mu roƙe shi ya turo mana saƙo mai ɗauke da sa hannunsa na lantarki, mu adana sunansa daga saƙon, sabon satifiket ya shigo. A duba agogon kwamfuta ma, don tsohuwar kwamfutar da batirin cikinta ya mutu takan koma shekarun baya, sai ta ƙi lafiyayyen satifiket.

Inda aka fi tafka asara shi ne maɓallin da Outlook ke miƙowa a lokacin, na a tura saƙon ba kulle. Mai sauri sai ya danna. Labarin da aka yi wata shida ana rubutawa, ba a kai ga buga shi ba, sai ya tafi a buɗe kamar wasiƙun gidan Waziri.