Kujerun Haya a Cocin Baftis

A ƙarni na 19, majami'u da yawa a Amurka haya suke ba da kujerunsu. Mai kuɗi ya kama gaba, talaka da baƙar fata su koma baya ko saman bene. Da yake kuɗin hayar ne ke biyan fasto, bakinsa kan yi nauyi gaban attajiri. A Boston, Timothy Gilbert, maƙerin fiyano, ya bar cocin Baftis na titin Charles kan wannan wariya. Shi da abokansa suka kafa ikilisiyar da zama kyauta ne. A 1843 suka sayi wani gidan wasan kwaikwayo, ya zama Tremont Temple. Mai kukan fasto na fifita masu hali, ya fara duba aljihun da albashinsa ke fitowa.