Tsohon Batsari a Tashar Mota: Gyara ga Masu Keɓe Lafiyar Birni ga 'Yan Birni

A wani taron ƙara wa juna sani kan manhajar kiwon lafiyar al'umma, wani abokin aikinmu ya kafe cewa darasin lafiyar birni na Kano ne da Legas, inda cunkoso da hayaƙi da kwatami suke. Batsari da Safana kuwa, in ji shi, a bar su ga darasin lafiyar karkara. Ya ƙara da cewa nazarin tsofaffin matafiya harkar Turawa ce masu yawon buɗe ido bayan ritaya, mu nan in ban da alhazai ba mu da su. Tare da girmamawa, ina ganin malam ya yi kuskure a duka biyun.

Masu wannan fage sun san jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2007, wadda ta sa sufuri cikin fannoni takwas na birnin da ke sauƙaƙa wa tsofaffi, sun kuma san dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2018. Abin lura shi ne tsohon da jagorar ta fi dubawa mazaunin birni ne. Wanda ya shigo da hantsi ya koma da la'asar ba shi da gurbi sosai, alhali shi ne cike da bencin asibitocin Katsina.

A ɗauki dattijuwa daga Runka mai ciwon suga da hawan jini. An ce ta zo awon jini ba ta karya ba, don haka tun jiya da dare rabonta da abinci. Ruwa ma ta ƙi sha, don kada fitsari ya matsa mata a mota ta ji kunyar tsayar da direba. An cusa su huɗu a baya, gwiwa ta sage. Ko da ta isa, an rufe karɓar kati, sai ta kwana gidan ɗan ƙanenta ta sake azumin dole washegari. Ciwon daga ƙauye ta zo da shi, amma jirin da ya kwashe ta a bakin layi tsarin birni ne ya haddasa shi: lokacin buɗe ofishin kati, rashin makewayi a tasha, matattakalar da ba ta da abin dafawa.

Hujjar malam mafi ƙarfi ita ce zumunci. Ya ce tsohon Bahaushe ba ya tafiya shi kaɗai, akwai jika mai rakiya, akwai ɗan'uwa mai masauki, saboda haka al'ada ta riga ta toshe gibin. Ban musa ba, amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ce rashin tsaro ya ɗaure. Bayan harin Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, da ire-irensa a ƙauyukan gefen dajin Rugu, iyalai sun watse zuwa cikin garin Batsari da birnin Katsina. Gidan da a da ke saukar da baƙo ɗaya na kwana biyu ya koma riƙe da 'yan gudun hijira na watanni. A watan Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Tsohon da ya saba buga wa ɗansa waya ya taro shi a tasha ya rasa wannan hanyar a lokacin. Zumuncin yana nan, sai dai da wuya a ce yana iya ɗaukar nauyin da ya ɗauka a baya.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata. Ban ce zuwa birni yana ƙara wa waɗannan tsofaffi ciwo fiye da zaman gida ba, domin mai yiwuwa tafiyar ce ke ceton ransu. Abin da nake iya karewa ƙarami ne: katin asibiti yana rubuta suna da shekaru da gari, ba ya rubuta awa nawa mutum ya yi a hanya, ko ya ci abinci, ko wa ya rako shi, ko ina zai kwana. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba ya shiga kundin digiri. Malam ya ce hanyar ƙauyukan ba ta biyuwa ga ɗalibi, kuma da gaskiyarsa, sai dai ai ba sai an shiga daji ba, tun da mutanen da kansu suke zuwa tasha da asibiti.

Cibiyar lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta a 2012, nesa da mu. Amma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma maƙwabtan waɗannan garuruwa ne, kuma ɗalibansu da yawa jikokin waɗannan matafiya ne. Ina kira ga sassan lafiyar al'umma da nazarin ƙasa da zamantakewa su tura ɗalibi tashar motar Batsari da ke Katsina, ya zauna da littafinsa ya tambayi duk tsohon da ya sauko tambayoyin nan huɗu.